Masallatai Sun Ƙaru, To Ina Amana Ta Tafi?

A masallacin layinmu amfilifaya a cikin keji take. Kejin ƙarfe ne, mai walda ya ƙera shi aka kafe a bango kusa da inda liman ke tsayawa, aka maƙala masa kwaɗo biyu. An yi haka ne bayan an sace ta farko, aka yi karo-karo aka sayo wata, ita ma ba ta yi wata uku ba aka ɗauke. Batirin sola kuwa a gidan ladan yake kwana. Takalmi, kowa da nasa yake shiga, ya haɗa bayansu ya ajiye a gabansa inda goshinsa zai sauka kusa da su.

Wata magariba muna fitowa da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ba shekara tamanin baya, sai ya tsaya yana kallon ladan yana fama da kwaɗon nan. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, ka ga abin da rashin addini ya jawo mana. Mu da muka taso, ko allura ka yar a masallaci, gobe za ka same ta a kan taga."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, a lokacinku masallaci nawa ne a unguwar nan?"

Ya ce ɗaya ne, na ƙasa, da tabarmin kaba. Juma'a kuwa sai an tafi babban masallacin gari. Muka tsaya a bakin hanya muka ƙirga na yau da yatsu, muka samu na salloli biyar guda tara, na Juma'a biyu, ban da Islamiyyu huɗu da makarantar matan aure ta dare. Kawu ya yi shiru har muka kusa ƙofar gida, sannan ya ce, "Salla kam ta ƙaru. Wani abu ne dai ya tafi."

Tun daga ranar maganar nan take yi mini yawo a ka. Kusan duk majalisar da ka zauna, ko a zaman makoki, ko a motar haya, da an taɓo lalacewar zamani sai wani ya rufe zancen da cewa mutane ne suka bar addini. Ba mu kaɗai ke faɗin haka ba. Tsofaffin Ingila da na Amurka ma haka suke cewa, kuma su suna da hujjar da ba mu da ita, domin a wurinsu addinin ya ja baya da gaske, har ana iya auna shi.

Inda coci suka zama kango

A ƙidayar jama'a ta 2001 a Ingila da Wales, kusan kashi 72 cikin 100 sun ce su Kiristoci ne. A ta 2011 suka koma kashi 59. A ta 2021 suka sauka zuwa kashi 46, karo na farko ke nan da suka gaza rabi, yayin da masu cewa ba su da addini suka kai kashi 37. Wanda ya taɓa zagaya garuruwan ƙasar ya ga tsofaffin coci-coci da aka mayar gidajen haya ko shaguna, wasu ma Musulmi ne suka saya suka mayar masallatai. A Amurka, cibiyar Gallup ta samu cewa a 1999 kashi 70 na manya suna da rajista da wani wurin ibada, amma a 2020 sun koma kashi 47.

Idan maganar Kawu gaskiya ce ɗungurungum, ya kamata a ce waɗannan ƙasashe sun zama dajin da ba a shiga. Abin da alƙaluma suka nuna daban ne. A Amurka kisan kai ya kai kusan mutum 10 cikin kowane dubu 100 a 1991, sannan ya sauka ƙasa da 5 a 2014, a daidai shekarun da wuraren ibada ke ta yin fayau. Danmak, inda zuwa coci ranar Lahadi ya zama sai ɗaiɗaiku, ita ce ke zama ta ɗaya a jerin ƙungiyar Transparency International na ƙasashen da cin hanci ya yi ƙaranci, da maki 90 cikin 100 a 2023. Najeriya a shekarar maki 25 ta samu, ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180. A ɗaya gefen kuma, Honduras da El Salvador, inda da wuya ka samu gidan da ba a ambaton Allah, sun taɓa zama kan gaba a duniya wajen kisan kai.

Akwai wani gwaji da ya fi waɗannan alƙaluma kama mini hankali, saboda ya yi kama da allurar Kawu. Wasu masu bincike sun kai walat fiye da 17,000 birane 355 a ƙasashe 40. Sukan shiga banki ko otal ko gidan waya, su miƙa wa ma'aikaci su ce tsintuwa suka yi a ƙofa, su wuce. A cikin kowace walat akwai katin da ke ɗauke da adireshin mai ita, wasu da kuɗi, wasu ba kuɗi. Da aka buga sakamakon a mujallar Science a 2019, ƙasashen da suka fi neman mai kaya su mayar masa su ne irin su Suwizalan da Norwe da Holan da Danmak da Suwidin. Suwidin ɗin nan kuwa, a binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2020, kashi 9 kacal na mutanenta ne suka ce sai an yi imani da Allah ake zama mutumin kirki. A Najeriya kashi 93 ne suka ce haka.

Ina cikin kashi 93 ɗin nan ta wata fuska, domin na yi imani cewa kyakkyawan aiki yana da Mai saka shi, kuma akwai ranar da za a tsaya. Amma imanina bai ba ni damar rufe ido daga abin da ke gabana ba. Mutanen da ba sa salla suna mayar da tsintuwa, mu kuma muna kulle amfilifaya da kwaɗo biyu. Wannan abu ya kamata ya hana mu barci.

Kada kuma a ɗauka can ba a yi asarar komai ba. An yi, kuma babba. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗakunansu, wasu gawarwakin suka yi makonni ba wanda ya zo ya ce nasa ne. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021. A Amurka mutum fiye da 100,000 suka mutu a 2021 sakamakon shan ƙwaya fiye da ƙima. Duk wanda ya taso inda ake gaishe da tsoho da safe, a kai masa koko, a zauna masa jinya dangi da maƙwabta, ya san cewa al'ummar da tsohonta zai mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta ta rasa wani abu mai tsada, ko da titunanta ba ɓarawo. Da coci ta tafi, ta tafi da wurin da mutane ke haɗuwa duk mako su san wanda bai zo ba, su bi sawu. Gwamnati ta iya biyan kuɗin fansho, amma ba ta iya zuwa gaisuwa.

Jiya ɗin da muke kewa

Sai dai kafin mu yi kukan abin da ya tafi, ya kamata mu tabbatar da yadda yake tun asali. A nan ne nake ganin mun fi yaudarar kanmu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, a littafinsa Kitabul Farƙi ya zayyana halin sarakunan Hausa na zamaninsa: haraji iri-iri da shari'a ba ta san da su ba, ƙwace dukiyar talaka, gaisuwar da sai an kai ta kafin a ga mai mulki, da alƙalai masu karɓar toshiya. Wato abin da muke kira lalacewar zamani yana nan shekara fiye da 200 da suka wuce. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne labarin ƙaninsa, Malam Abdullahi na Gwandu. Jihadi ya fara a 1804. Shekara uku kawai bayan haka, a 1807, Malam Abdullahi ya bar jama'ar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga da yawa daga cikin waɗanda aka fita da su don Allah sun karkata ga neman mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai da ganima. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya koma gida. Wannan fa a zamanin da muke ɗauka shi ne ƙololuwar addini a ƙasar nan, Shehu yana raye, ana karatu dare da rana.

Sannan akwai abin da ba mu cika son tunawa ba. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi, kuma ba a haramta bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya ba sai 1936. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya aka buga a 1954, tsohuwar ta ba da labarin yadda mahara ke faɗa wa ƙauye su kwashi mata da yara, dangi su bi sawu da kuɗin fansa. Labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a kan yaron da aka sace aka sayar aka gina shi. Duk wanda ya karanta waɗannan ya kuma saurari labaran Zamfara da Katsina na yau, gabansa sai ya faɗi, domin satar mutane don fansa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ta yi barci ne, muka ɗauka ta mutu.

Ko zamanin ƙuruciyar Kawu, na En'e, ai shi ne zamanin da aka kafa NEPU a Kano a 1950, saboda zaluncin da talaka ke sha: aikin tilas, dukan 'yan doka, haraji da jangalin da kan sa magidanci ya gudu ya bar garinsu. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin. Allurar da Kawu ya ce ba a ɗauka a masallaci, na yarda ba a ɗauka. Amma a shekarun nan ne kuma ake ɗaure dattijo a rana a ƙofar gidan dagaci don ya kasa biyan sule goma.

Turawa ma suna da irin nasu. A garin Tuam na ƙasar Ailan, lokacin da cocin Katolika ke da ƙarfin da ba mai ɗaga mata yatsa, akwai gidan da mata masu hidimar coci ke tsare 'yan matan da suka yi ciki ba aure, daga 1925 zuwa 1961. Wata mai binciken tarihin garin, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796 da suka rasu a gidan ba tare da an san kabarinsu ba. Kowa a garin yana zuwa coci a lokacin, kuma girman da ake ba masu addini shi ne ya rufe bakin kowa. Mu ma mun ga irin wannan a 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum kusan 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan aka yi ta gano wasu a Katsina da sauran wurare. Iyaye ne da kansu suka kai su, da sunan gyaran tarbiyya.

To me ya sa kowane tsoho ke rantsuwa cewa zamaninsa ya fi? Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Adam Mastroianni da Daniel Gilbert, sun buga bincike a mujallar Nature a 2023, inda suka tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 12 daga ƙasashe aƙalla 60 a tsawon shekara 70. Ko'ina, kuma a kowane zamani, mutane na cewa halin kirki na raguwa. Amma idan aka tambaye su abin da ya same su a kwanan nan, ko an mutunta su, ko wani ya taimake su, amsar ba ta canzawa daga shekara zuwa shekara. Kuma yawanci sukan ce mutanen da suka sani da kansu ba su lalace ba, sauran jama'a ne suka lalace. Dalilan da masanan suka kawo biyu ne. Mugun labari ya fi saurin yaɗuwa, sannan zuciya takan manta ɗacin abin da ya wuce ta riƙe zaƙinsa. Mu ƙara da na uku daga wurinmu: a da, idan aka yi ta'asa a Birnin Gwari sai fatake sun kawo labarin bayan mako biyu, yau kuwa kafin jinin ya bushe hoton ya iso wayarka ta WhatsApp.

Duk da haka ba zan ce wa Kawu mafarki yake yi ba. Wanda aka kwashe masa ɗa a Ƙanƙara a Disambar 2020 cikin ɗalibai fiye da 300, ko 'yarsa tana cikin 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, ba za ka ce masa zuciyarsa ce ke yi masa gizo ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ya ci matasa, har da matan aure. Wani abu ya karye da gaske. Tambayar ita ce mene ne.

Abin da ke riƙe da amana

Amsar da ta fi gamsar da ni na same ta ne a unguwar Sabo ta Ibadan. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Hausawa ta Sabo yana nazarin cinikin shanu da goro, ya buga littafinsa a 1969. Abin da ya gani ya isa a tsaya a kansa. Falke zai koro shanu daga Arewa, tafiyar ɗaruruwan mil, ya sauka a gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa shanun bashi, ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa. Dukiya mai yawa tana ta yawo tsakanin Kano da Ibadan a kan kalmar baki kawai.

Me ya riƙe wannan? Tsoron Allah yana ciki, ba shakka. A farkon shekarun 1950 yawancin mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya, suna haɗuwa wazifa kullum, suka kuma tsayar da Juma'arsu. Amma duba yadda abin ke aiki. Wanda kake bin sa bashi, da shi za ka yi sahu sau biyar a rana. Dillali ya san kowane mahauci, ya san nawa ake bin sa da ranar da ya taɓa saɓa alkawari. Maigidan da ya ci amanar falke ɗaya, kafin wata ya zagayo labari ya isa duk zangon da ke kan hanya, ba wanda zai sake sauka gidansa. Mahaucin da ya taurare, a daina sayar masa gaba ɗaya. Sarkin Sabo yana nan yana yanke hukunci nan take. Ga imani a zuciya, ga idon jama'a, ga hukuncin da ba ya jinkiri. Murhu ne mai duwatsu uku.

Abin mamaki, wasu masana a Amurka, Robert Putnam da David Campbell, sun isa wuri ɗaya a littafinsu na 2010. Sun samu cewa masu zuwa wurin ibada a kai a kai sun fi ba da sadaka da aikin sa-kai da taimakon maƙwabci. Amma da suka tona, sai suka ga abin da ya fi tasiri shi ne abokan da mutum ya yi a wurin ibadar. Mai tsananin imani da ke zama shi kaɗai a kujerarsa bai fi kowa kirki ba.

Yanzu mu dubi namu murhun. Birnin Kano a ƙidayar 1952 bai kai mutum 150,000 ba. Yau ana maganar fiye da miliyan 4. Unguwar da Kawu ya taso, mai unguwa ya san kowane gida, baƙo ba ya kwana sai an san mai masaukinsa, yaro kuma na kowa ne, duk babban da ya gan shi yana ɓarna zai tsawata masa, uban ya zo ya yi godiya. Yau gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, ka shekara ba ka san sunan na ɗakin da ke kallon naka ba. Ka taɓa ɗan wani, a kai ka ofishin 'yan sanda. Dutse ɗaya ke nan ya fita.

Na biyu shi ne hukunci. A Danmak mutum ya san idan ya ci kuɗin gwamnati za a kama shi, ko shi wane ne, kuma ya san idan ya rasa aiki ba zai kwana da yunwa ba. Shi ya sa gaskiya ba ta yi masa tsada. A nan kuwa, binciken hukumar ƙididdiga na 2019 ya nuna kusan mutum 3 cikin 10 da suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati an nemi cin hanci a wurinsu ko sun bayar. Yaro yana tasowa yana ganin wanda ya wawushe kuɗin asibiti shi ake ba sahun gaba, shi ake kira ya buɗe sabon masallaci, shi maroƙa ke wasawa, malamin makarantar da ya yi shekara 35 bai ci ƙwandala ba kuwa yana bin layin fansho da sanda. Wane wa'azi ne zai fi wannan ƙarfi a kunnen yaron?

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, jihohi 11 suka bi, na ga yadda talakawa suka cika filaye suna kabbara har da hawaye. Abin da suke nema adalci ne. Sun gaji da kotun da sai mai kuɗi, suna so a yi hukuncin da ba ya duba fuska. A Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum a Zamfara kan satar saniya, kuma tun daga nan talaka ya zuba ido ya ga ranar da hukunci zai hau sama. Ya ga an fasa kwalaben giya, an raba maza da mata a abin hawa, an kafa Hisba da hukumar tace fina-finai, amma ma'ajin gwamnati ya ci gaba da yoyo. Jihar da ta fara ɗin nan ce daga baya ta zama cibiyar 'yan bindiga, kuma duk wanda ya bi asalin rikicin zai tarar da burtalin da aka cinye, da makiyayin da aka tatse a kotu da caji ofis, da manomin da aka cinye wa gona ba a biya shi ba, da 'yan sa-kai masu yanka ba shari'a. Laifin ba na shari'ar Allah ba ne. Waɗanda aka damƙa wa ita ne suka ɗauki ɓangaren da ba zai taɓa su ba.

Dutse na uku, wato imanin kansa, yana nan, amma mun rage masa faɗi. Tun kafa Izala a Jos a 1978 ilimin addini ya yaɗu a ƙasar Hausa yadda bai taɓa yi ba, ɗariƙu ma suka buɗe nasu makarantun, mata suka shiga aji, yara ƙanana suna haddace Alƙur'ani. Wannan alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai ka saurari abin da muka fi zafi a kansa: ƙabalu ko sadalu, tsawon wando, maulidi, wane malami ya yi wa wane raddi. Sau nawa ka ji an kwana ana tafsiri a kan mudu? Alhali akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗin masu tauye awo. A bara na sayi buhun gero a wata kasuwar ƙauye, a hannun dattijo mai tabon salla a goshi, wanda ya sa na jira shi ya idar da azahar kafin mu yi ciniki. Da aka zazzage buhun a gida, sama gero ne tas, tsakiya kuwa ƙaiƙayi da yashi sun kai tiya uku. Ban yi zaton mutumin nan yana ganin ya saɓa wa addininsa ba. A wurinsa salla addini ce, buhu kuwa kasuwa ce. Wannan rabuwar ita ce ciwon.

Kakanninmu ba su raba su haka ba, aƙalla a ma'auninsu na mutum. Da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki a 1974, abin da ya lissafa su ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukkansu a zaman tare ake gane su. Ba sa bayyana sai in ka ba mutum ajiya, ko ka yi tafiya da shi, ko kun raba gado.

Kuma ba su ƙare ba. A 2023 wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya mayar da kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa. Har gobe a kasuwannin Kwari da Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalmar baki. Har gobe in aka yi mutuwa a layinmu, kafin dangi su iso maƙwabta sun haƙa kabari, kuma ba a taɓa barin gawa ta rasa masu salla ba. Wannan addini ne ya dasa mana shi, kuma Faransa da duk arzikinta ba ta iya sayensa ba a 2003.

Ɓarawon amfilifaya ta biyu daga baya an gano shi. Ba baƙo ba ne. Yaron layinmu ne ɗan shekara 17, mahaifinsa ba ya rasa sahun farko. Ya sayar da ita ne a kasuwar 'yan gwangwan ya sayi ƙwaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali a zaman da kwamitin masallaci ya yi shi ne, mutum biyar suka ce sun daɗe suna ganin yaron a kangon bayan makaranta da masu shaye-shaye, wani ya ce ya fi shekara. Ba wanda ya je ya gaya wa uban. Kowa ya ce yana gudun abin da zai biyo baya.

Wasu suka ce a kira 'yan sanda, wasu suka ce a yi masa dukan da ba zai manta ba. Kawu bai ce komai ba a wurin. Bayan isha ya ɗauki sandarsa ya ce in raka shi. Muka yi sallama a ƙofar gidan, uban ya fito, da ya ga ko wane ne sai ya durƙusa.

Kawu ya ce, "Tashi, Malam. Ba ƙara na kawo ba. Ni da mahaifinka muka yi makarantar allo, ɗanka jikana ne. Laifinmu na zo in faɗa maka, mun gani mun yi shiru."

Mutumin ya rufe fuska da hannun riga. Suka shiga zaure, ni na tsaya a waje, sun fi awa ɗaya. Washegari Kawu da kansa ya kai yaron wurin wani mai gyaran babura a bakin titi, ya ce a riƙe masa shi, kuma duk la'asar sai ya bi ta wurin ya ga ko yana nan. Wata bakwai ke nan. Sau biyu yaron yana gudu ana dawo da shi. Uban yana biyan kuɗin amfilifayar kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata, ladan yana rubutawa a bayan littafin karo-karo. Kejin yana nan a bango, da aka tayar da maganar cire shi kwamiti ya ce a bari tukuna.